Keken Amana da Tayar da Ta Ƙi Fita

Shekarun baya, lokacin da na gama jami'a ina zaune a gidanmu a Ƙauran Namoda ina jiran aiki, wani abokina mutumin Shinkafi ya kawo mini ajiyar kekensa. Bautar ƙasa za shi can kudu, kuma ya ce ƙanne sun yi yawa a gidansu, in ya bar keken a can ko sirdin ba zai dawo ya tarar ba. Ni ya zaɓa, in ji shi, domin tun muna makaranta ni ne wanda in aka ba shi aron biro yake dawo da shi har da murfinsa. Ban tabbata yabo ba ne, amma a matsayin yabo na karɓa.

Keken ba irin namu na gida ba ne. Gwanjo ne da ya shigo ta Maraɗi, mara nauyi, da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Tayoyinsa tubles ne, wato babu tub a ciki. Bakin tayar ne yake kama bakin rim ya riƙe iska, sannan a zuba wani farin ruwa kamar madara ta bawul. In ƙaya ta huda tayar, ruwan nan ne yake bin hudar ya toshe ta. A zaurenmu abokina ya nuna mini yadda ake zubawa. Mahaifina yana zaune a gefe kan buzunsa da rediyo a kunne, kamar ba ya tare da mu. Na dai lura da ɗigon ruwan ya zuba a ƙasa, ya miƙa hannu ya dangwala, ya murza tsakanin yatsunsa, ya shinshina, ya goge a gefen buzu. 

Da abokina zai tafi ya bar mini sharaɗi biyu. Na farko, in riƙa hawan keken, domin in ya daɗe a ajiye ruwan zai taru wuri ɗaya ya bushe. Na biyu, kuma shi ya fi nanatawa, kada ƙarfe ya taɓa rim ɗin.

“Alminiyom ne, ba ƙarfen Allah da Annabi ba,” in ji shi. “In bakinsa ya lotsa ko kaɗan, ba zai ƙara riƙe iska ba. Kuma irinsa babu a Gusau, ban ma san ko akwai a Kano ba. Don Allah kada ka bar mai faci ya sa masa liba, ƙarfen nan nasu na cire taya.”

Na ce in Allah ya yarda.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da gidanmu, don kada abin da ke gaba ya zo wa wasu baƙo. Ni ɗan fari ne, kuma mahaifina na cikin dattawan da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa kiran sunana ba, wannan kam ba abin mamaki ba ne. Amma shi nasa ya wuce nan, ko magana ba ya yi da ni kai tsaye. In na durƙusa na gaishe shi, yakan amsa yana kallon wani wuri. In yana son in yi wani abu, sai ya ɗaga murya ya ce wa mahaifiyata, “Ke, ce ma yaron nan kaza,” ko da ina zaune kusa da shi fiye da ita. Mahaifiyata ma ba ta faɗin sunana, amma ita da shekaru suka ja ta saki jiki, muna hira. Ba na jin na taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙi. Haka na buɗi ido na gani, ƙannena yana wasa da su, ni kuma saƙo nake samu.

Sharaɗi na biyu na riƙe shi da kyau. Na farkon ne na yi wa fassara irin tawa. Na hau keken sau ɗaya zuwa bakin tasha, na ga yadda mutane suke juyowa suna kallo, wani har ya tare ni yana tambayar ko na sayarwa ne. Da na dawo gida na zauna na yi tunani: in na fita da shi ana iya sacewa, ana iya buge ni, ƙaya tana iya yaga tayar. In yana ɗaki kuwa, mafi munin abin da zai faru shi ne ƙura. Sai na shigar da shi ɗakina na lulluɓa masa tsohon zanen gado. Lokaci lokaci nakan ɗaga ƙafar in juya ta da hannu, ina gaya wa kaina wannan ma ai hawa ne a wata fuskar.

Da bazara ta kama, tayar baya ta fara sacewa. In na buga mata iska da safe, kafin la'asar ta yi laushi, washegari ta kwanta. Na shiga karance-karance a waya, na gane wataƙila ruwan cikin ne ya bushe, kuma ba ni da wani. Ban gaya wa abokina ba, ina jiran in tabbatar tukuna. Kullum da safe sai in fito da keken tsakar gida in yi ta famfo, in tsuguna in kara kunne ina neman inda iskar take fita. Mahaifina yakan wuce ni da fartanya a kafaɗa, ko kallon inda nake ba ya yi.

Ana cikin haka aka yi biki a dangin mahaifiyata a Zurmi, na tafi na yi ’yan kwanaki. Da na dawo, abin da na fara yi shi ne taɓa tayar. Na ji ta yi tauri kamar dutse. Washegari ma haka, har mako ya zagayo. Na koma waya na karanta cewa wani lokaci hudar takan toshe da kanta, sai na yi hamdala na mayar da zanen gadon. Na tuna a kwanakin nan mahaifiyata tana ta faɗa a kan ƙaronta. Wankin hula take yi, da ƙaro take sa wa hulunan ƙarfi su tsaya, kuma gwangwanin da take ajiye shi ya ragu sosai. Ta zargi akuya, ta zargi maƙwabta. Ni ban sa abin a kaina ba, tunda tayata ta warke.

Bayan damina abokina ya bugo waya ya ce ya gama bautar ƙasa, har ya samu aiki da malaman gona, zai riƙa zagaya ƙauyukan wajen Badarawa, kuma da keken zai yi aikin. Ya ce ya ba wani direba sabuwar taya da kwalbar farin ruwan ya kawo mini, domin tayar baya dama ta suɗe tun da ya sayi keken. In canja masa, in haɗo da tsohuwar don ya ajiye ta saboda tsaro, in sa a motar direban ranar Alhamis. A lokacin hanyar Shinkafi ba kullum take da daɗi ba, direban kuma sai ranar kasuwa yake bin ta, in motoci sun yi yawa. In Alhamis ta wuce, sai wata Alhamis ɗin, shi kuwa a farkon mako zai fara aiki.

“Cirewar ba wuya,” in ji shi. “Ka sace iskar, ka danna bakin tayar da babban yatsa zuwa tsakiyar rim, akwai kwari a wurin. Da ta faɗa kwarin shi ke nan, da hannu za ka zare ta.”

Ranar Talata na kwance ƙafar baya, na sace iskar, na danna. Ba ta motsa ba. Na zagaya da yatsuna ko'ina a bakin tayar, kamar da ita aka ƙera rim ɗin. Na shimfiɗa tabarma na kwantar da ita, na taka gefen tayar da diddige a hankali, ina tsoron lanƙwasa sifoki, wato wayoyin ƙafar. Na shafa ruwan sabulu. Na kalli bidiyon Turawa suna cire tasu suna murmushi. Kafin magariba manyan yatsuna duka biyu sun yi bororo. Abu biyu na lura da su da babu a bidiyon kowa: akwai wani siririn layi mai ruwan ƙasa yana ƙyalli tsakanin taya da rim, kuma kiyashi sun yi layi a bakin bawul. Na nemi bayanin kiyashi a waya, ban samu ba.

Ranar Laraba da hantsi taubashina ya iso daga Zurmi. Ɗan kawuna ne, albasa yake saye, kuma duk mako a gidanmu yake kwana kafin ya wuce kasuwar Shinkafi. Ya tarar da ni a zaure na rungume ƙafar keke.

“Kai ɗan boko, mi kaka yi da ƙafar keke kamar mai rarrashin jinjiri?”

Na yi masa bayani tun daga farko, har da kwarin tsakiyar rim.

“Shekara nawa ka yi jami'a, taya guda ta gagare ka? Miƙo nan, bawana.”

Ya naɗe hannun riga, ya dafa, ya yi nishi, ya canja wuri, ya sake nishi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Da ya gaji ya ajiye ta yana yarfe hannu.

“Wagga ba taya ba ce, asiri ne. Tashi mu tahi wurin mai faci.”

Na ce masa an hana. Ya ce ai kallo kawai za a yi, kallo ba ya lotsa ƙarfe. Na bi shi, ina riƙe da ƙafar da hannu biyu.

Mai facin bakin tasha dattijo ne mai fara'a, babura da kekuna duk yana yi. Ya juya ƙafar, ya yaba rashin nauyinta, ya gwada da hannu kamar yadda muka gwada. Daga nan ya miƙa hannu bayansa ya jawo liba, wani faffaɗan ƙarfe da aka yanko daga sifirin mota, ya ɗauko ’yar guduma. Ban san lokacin da na fizge ƙafar daga cinyarsa ba.

“A'a, Malam, lafiya?”

Na ce ya yi haƙuri, mai keken ya ce kada ƙarfe ya taɓa rim.

“To da mi zan cire ta, da addu'a? Ka kawo mara lafiya asibiti ka ce kada a yi mashi allura.”

Na tambaye shi ko zai iya tabbatar mini rim ɗin ba zai lotsa ba. Ya ce tabbas na Allah ne, shi dai ya san tayar za ta fita. Mutanen da ke zaune a benci suka yi dariya, taubashina ya fi kowa.

“In ka shirya ka dawo,” in ji mai facin. “Ba ni tashi sai magariba.”

A gida taubashina ya yi ta kawo shawarwari. A yanka tayar da wuƙa. Na ce ita ma amana ce, an ce in mayar da ita. A zuba kalanzir. Na ce ban san abin da zai yi wa robar ba. A kwantar da ita ya bi ta gefen da babur. Na harare shi. Muka shanya ta a rana ko zafi zai sa ta saki, ina jin ma ƙara kamawa ta yi. Na buga wa abokina waya, da ƙyar layin ya shiga. Ya ce bai taɓa jin irin wannan ba, ko da farin ruwan ya bushe ba ya kamawa haka.

“Ka dai yi yadda ka ga ya dace,” in ji shi. “Ni ban damu ba, na san ka.”

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar muna tsakar gida. Mahaifina ya dawo daga masallaci yana zaune a ƙarƙashin rumfa yana gyaran igiya, mahaifiyata tana bakin murhu. Ni kuma na auna abin ta kowace fuska. In na aika keken da tsohuwar taya, ba za ta yi masa nisa a hanyoyin ƙauye ba. In na riƙe shi, zai fara aiki da ƙafa. In na kai wa mai faci, wataƙila rim ɗin ya tsira, wataƙila kuma in mayar wa mutum keke da ba zai ƙara hawuwa ba. Taubashina ya ce mai facin ya shekara talatin yana wannan aiki, kuma za mu naɗe libar da tsumma. Na ce to. Na ɗauki ƙafar na nufi ƙofa, ba don na gamsu ba, sai don lokaci yana tafiya.

“Ke,” in ji mahaifina, idonsa na kan igiya. “Ina wancan za shi da ƙafar keken mutane?”

“Wurin mai faci, Malam,” in ji mahaifiyata. “Ta ƙi hita.”

Na tsaya, domin in ana maganata ta hannun mahaifiyata tsayawa nake yi har a gama. Ya ƙulla igiyar, ya ja ya gwada ƙarfinta.

“Ce mashi ƙarfe ba ya cire ƙaro. Ki aza ruwa ga wuta.”

Mahaifiyata ta juyo da muciya a hannu.

“Wane ƙaro?”

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa.

“Malam, wane ƙaro? Ƙarona? Wanda na yi ta nema har na daki akuyar mutane?”

“Na ce ki aza ruwa.”

Taubashina ya toshe baki da hularsa ya shige zaure, ina jin sautin dariyarsa daga can kamar mai shaƙewa. Ni kuwa ina tsaye da ƙafar keke a hannu, layin nan mai ƙyalli da kiyashin bakin bawul suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya fito da babban sirinjin da yake ba tumaki magani. Bai miƙo mini ba. Ya ajiye shi a ƙasa, wajen taku biyu daga inda nake, ya koma kan tabarmarsa.

“Ce mashi ta inda ya shiga, ta nan ruwan zai bi shi. Kuma kada ruwan ya yi zahi ƙwarai, roba ba ta son wuta.”

Muka jawo rabin durom ɗin da tumaki suke shan ruwa, aka sirka ruwan ya yi ɗumi. Na kwance kan bawul ɗin na riƙa ɗura ruwa da sirinji, ina juya ƙafar yana zagayawa a ciki. Sannan na tsoma gefenta a durom, in wannan ɓangaren ya jiƙa in juya wani. Taubashina ya dawo yana share hawaye, ya ce a tsoma ta gaba ɗaya a huta. Ni kuma, abin da ban taɓa yi ba, na mayar da saƙo.

“Inna, ki ce wa Baba ina ganin kamar bai kamata ruwa ya kai cibiyar ƙafar ba, akwai boris a ciki.”

“Ce mashi ya yi daidai,” in ji mahaifina.

“Inna, ki tambayi Baba ko da yawa aka zuba.”

“Ce mashi gwargwado.”

“Gwargwado!” in ji mahaifiyata. “Rabin gwangwani ne gwargwado? Ni kun ishe ni. Ga ku ga juna kun mai da ni wayar salula, tuwona na ƙonewa.”

Ta shige madafa. Ruwan durom ya fara hucewa, ya kuma soma canja launi kamar shayin da ba madara, sai taubashina ya ɗauki bokiti ya bi ta don ya ƙaro mai ɗumi. Tsakar gidan ya rage daga ni sai mahaifina.

Na fito da ƙafar na kwantar a tabarma na fara dannawa. Na ji alamar laushi, amma yatsuna sun riga sun mutu, kuma duk na danna nan sai ƙafar ta zame can. Ban ji tasowarsa ba, inuwarsa kawai na gani. Ya tsuguna a gabana, ya dafe rim ɗin da tafin hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bin bakin tayar a hankali kamar mai laluben ƙaya a ƙafa. Ya tsaya a wani wuri daura da bawul.

“Danna nan,” ya ce.

Na haɗa tafin hannuna biyu na danna. Ta yi wata ’yar ƙara, ɓas, bakin tayar ya faɗa kwarin tsakiya. Daga nan sauran ya riƙa saki da kansa, ina bi ina dannawa, shi yana juya mini ƙafar. Muka kife ta muka yi ɗaya gefen. Da na sa yatsu na zare tayar daga rim, wani ruwa mai yauƙi ya kwararo a kan tabarmar, da ɓarɓashin ƙaron da bai gama narkewa ba, da busasshen farin ruwan abokina kamar fatar madara.

Taubashina ya fito da bokiti ya tarar an gama. Ya ɗauki tayar ya juya cikinta yana leƙawa, ya shafa da yatsa, ya yi tsaki ya cire hannu.

“Kai, ƙaya! Tsidau ne wanga, ga shi nan birjik. Ka ce ba ka hawan keken, to wa ya kai shi gona?”

Mahaifina ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki buta. Ya ce wa mahaifiyata, wadda ko ganinsa ba ta yi daga madafa, magariba ta kusa. Ya fita.

Daga baya ne ta ba ni sauran labarin, bayan ta tsare shi da tambaya. Ya gaji da ganina kullum da safe a tsugune ina sauraron taya. Da na tafi Zurmi ya jiƙa ƙaro ya tace da tsumma, ya ɗura. Sai ya yi tunanin in keken yana tsaye ƙaron zai kwanta a ƙasa ne kawai, don haka ya hau shi zuwa gonarsa ta hanyar Banga ya dawo, domin ya zagaya ko'ina. Ta ce ya gaya mata keken ba ya jin yashi, kuma dai ya sake hawa sau ɗaya ko biyu don ya tabbatar.

Da safe na wanke rim ɗin da tsumma, na ɗaga shi a hasken rana ina juyawa a hankali, ina bin bakinsa da ido da yatsa. Ban ga lotsawa ba, ban ga ƙarzuwa ba. Na sake dubawa duk da haka. Sabuwar tayar ta shiga da hannu, na zuba farin ruwan, muka biya wurin mai faci don injinsa ya hura ta da ƙarfi bakinta ya zauna. Ta yi ƙara sau biyu ta kama. Ya tambaya yadda muka yi da tsohuwar.

“Wankan jego aka yi mata,” in ji taubashina.

Kafin mu fita daga gida kuwa, mahaifiyata ta miƙo mini ƙullin gyaɗa ta ce daga mahaifina ne, a kai wa mai keke. Yana zaune a rumfa yana jin mu.

“Ya ce ka ce mashi shi ya zuba, shi ya hau. Ya ce ka ce mashi yaron bai da laihi, ya riƙe amana.”

Da farko niyyata in sa keken a mota in dawo, amma saƙo irin wannan ba a ba direba. Na shiga motar tare da taubashina. A Shinkafi abokina ya tarye mu a tasha, ya ɗaga ƙafar baya ya juya ta yana kallon bakin rim, ya matsa tayar, ya hau ya zagaya ya dawo. Sannan na ba shi gyaɗar na isar da saƙon. Rabin farko na faɗa yadda aka ba ni. Rabin ƙarshen na ɗan rage masa, domin da nauyi mutum ya yabi kansa da bakin mahaifinsa. Taubashina ya cike abin da na rage, ya ƙara da nasa, har da akuya.

Abokina ya yi dariya har ya jingina da motar.

“Wato duk gidanku Baba kaɗai ya bi umarnina. Na ce a riƙa hawa, shi ya hau.”

Ban yi musu ba. Keken ya yi masa aiki shekaru, kuma har ya rabu da shi rim ɗin bai taɓa sace iska ta baki ba. Tsohuwar tayar ma ya ce ya sake amfani da ita, bayan ya zauna ya tsince ƙayoyin.

In aka tambaye ni abin da na koya, ba ni da wani babban abu. Na san yanzu ba a zuba ƙaro a taya tubles, ko da yake ban taɓa haɗuwa da wani da yake shirin zubawa ba. Ina kuma zaton lulluɓe abu da zanen gado ba shi ne riƙon amana ba, amma ba zan ce na daina ba, halin yana nan. In wanda ya ba ka ajiya ya faɗi sharaɗi biyu, mai yiwuwa duka biyun yake nufi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne kalmomin nan biyu, “Danna nan.” Mahaifina yana nan da ransa, ya tsufa, kuma har yau ta hannun mahaifiyata yake aiko mini saƙo, ko ta hannun matata in sun zo. Ban taɓa tayar masa da zancen ba, shi ma haka. Na sha zama in sake lissafa inda kowa yake a yammacin nan, domin ba na son in ɗora wa abu ma'anar da ba tasa ba. Mahaifiyata tana madafa, wannan na tabbata. Taubashina ya ce yana bakin ƙofar madafar da bokiti, kuma in an bi ta tasa, shi aka yi wa magana. Amma taubashi ne, ba a kafa hujja da shi. Ni dai na san hannuna ne a kan tayar, kuma da aka ce a danna, ni na danna.